Kilomita 30,000 Kafin Juye: Alkawarin da Ba da Mu Aka Yi Ba

Littafin da ke zuwa da sabuwar Volkswagen a Jamus ya yarje wa mai ita ya yi tafiyar da ta kai kilomita 30,000, ko ya shafe shekara biyu, kafin ya juye baƙin mai. Toyota a Amurka ta ce mil 10,000 ko shekara guda, kimanin kilomita 16,000 ke nan, ga motocinta masu amfani da siririn mai mai lamba 0W-20. Amma kai wannan zance gaban bakanike a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, zai girgiza kai ya ce maka, "Alhaji, in dai kana son motarka, kar ta wuce wata biyu ba ka kawo an yi juye ba." Tsakanin wata biyu da shekara biyu akwai tazara mai nisa, kuma mai mota ne a tsakiya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, galan ɗin baƙin mai na kirki ya zama abin da sai magidanci ya yi masa tanadi. Shi ya sa maganar dogon wa'adi ta samu shiga a kunnuwan jama'a. In kamfanin da ya ƙera motar ya ce za ta jure, wane ne bakanike da zai ce a'a?

Hasarar da ke cikin wannan batu ba ƙarama ba ce, don haka ya cancanci a zauna a warware shi. Abin da na fahimta shi ne kamfanonin ba ƙarya suka yi ba. Alkawari suka yi mai sharuɗɗa, kuma da wuya ka samu mota a Kano ko Sakkwato ko Damagaram da ta cika ko da rabin sharuɗɗan. Wanda ya riƙe lambar ya saki sharaɗin, injinsa ne zai biya. Wanda kuma ya ɗauka yawan juye kaɗai ne mafita, shi ma akwai ramin da ke jiransa a gaba.

Mu fara ba kamfanonin haƙƙinsu. A zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, kabureto ke zuba wa inji fetur, sau da yawa fiye da abin da zai iya ƙonawa, sai ragowar ya gangara ta gefen fistin ya gauraye da baƙin mai. Fetur ɗin yana da dalma a ciki. Shi kansa baƙin man wanda aka tace ne kai tsaye daga ɗanyen mai, ba ya jure zafi na dogon lokaci. A irin wannan yanayi, juye a kilomita 5,000 shi ne hankali. Injin yau kwamfuta ce ke auna masa fetur daidai da iskar da ya shaƙa, ƙarafunansa an goge su sun zauna da juna fiye da na da, kuma man da ake kira sintetik yana daɗewa a cikin zafi bai tsinke ba. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin sulfa a fetur da man dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan, wanda hakan ya rage tsamin da ke taruwa a cikin baƙin mai. A Amurka, jihar Kalifoniya sai da ta yi gangamin wayar da kai tana roƙon direbobi su daina juye a kowane mil 3,000, saboda ana zubar da mai mai sauran ƙarfi a banza. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce man da aka juye daga mota ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan na ruwan sha. Mu da muke ganin inda mataccen mai ke ƙarewa, cikin kwata da bayan gareji, bai kamata mu raina wannan hujja ba.

Sai dai akwai wata hujjar da ba a rubuta ta a littafin mota. A Jamus, kusan kashi biyu cikin uku na sabbin motocin da ake yi wa rajista ba ɗaiɗaikun mutane ke yi ba, kamfanoni ne da dillalai da masu ba da haya. Irin waɗannan masu saye suna riƙe mota shekara uku ko huɗu su sake ta, kuma kafin su zaɓi wadda za su saya sai sun lissafa sau nawa za ta shiga gareji a cikin waɗannan shekaru. Motar da za ta je sabis sau biyu ta fi wadda za ta je sau biyar farin jini a wurinsu. A ƙarshen shekarun 1990 ne wannan gasa ta yi zafi: Mercedes ta fito da na'urar da ke tsara wa direba lokacin sabis, Volkswagen ta biyo da tsarinta na LongLife, BMW ma ta ja nata wa'adin. Babu laifi a neman kasuwa. Amma illar tsohon mai ba ta bayyana a kilomita 60,000, lokacin da motar ke hannun mai ita na farko kuma garanti bai ƙare ba. Tana bayyana ne a kilomita 180,000 ko 220,000. To a lokacin nan, a hannun wa motar take?

A hannunmu take. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo, Najeriya na cikin manyan masu karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshin ruwansu ya gano cewa akasarin motocin da ake loda wa Afirka ta Yamma shekarunsu 16 zuwa 20. Motar da muke kira 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda muke ɗauka tamkar sabuwa don fentinta na ƙyalli, ta riga ta cinye rabin rayuwarta ko fiye a ƙarƙashin wancan dogon wa'adi kafin ta sauka Legas ko Kwatano ko Lome. Ba mu san irin man da ta sha ba, ba mu ga takardun sabis ɗinta ba, kuma kowa ya san ana mayar da lambar kilomita baya.

Ko a can ƙasashen, inda hanya ke da kyau kuma mai ke da tsabta, tarihin dogon wa'adi bai tafi sumul ba, kuma wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Masu motocin Mercedes ƙirar 1998 zuwa 2001 a Amurka sun maka kamfanin a kotu saboda na'urar sabis ta riƙa ja musu lokaci alhali man da ake zuba musu na gargajiya ne, ba sintetik da aka gina lissafin a kansa ba. An yi sulhu a 2003, kamfanin ya tsawaita garantin injinan. Volkswagen da Audi sun fuskanci daskarewar mai a injinsu mai turbo na lita 1.8 da ke cikin Passat da A4, har suka tsawaita garanti zuwa shekara 8. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta Toyota. Injinta mai silinda huɗu na lita 2.2 da mai silinda shida na lita 3.0, waɗanda aka sa a Camry da Sienna da Avalon da Highlander da Lexus RX300 da ES300 tsakanin 1997 da 2002, sun riƙa daskarar da mai har ya toshe hanyoyinsa. Kamfanin ya ɗora laifin a kan masu motocin da ba sa juye a kan lokaci, masu motocin suka ce ƙirar injin ce. A 2007 aka yi sulhun da ya shafi motoci kusan miliyan 3.5, kuma tun kafin nan Toyota ta rage wa'adinta daga mil 7,500 zuwa 5,000. Duba sunayen motocin nan da kyau. Camry ɗin da muke kira fensir ce, da Siennar da ke jigila tsakanin Kano da Abuja, da RX300 da ta cika unguwanninmu. Su ne dai, ba wasu ba.

Ja da bayan bai tsaya nan ba. A 2013 General Motors ta kira motoci sama da 700,000 ƙirar 2010 zuwa 2012 don a sake tsara kwamfutarsu ta riƙa neman juye da wuri, bayan ta ga wasu sassan injin na cinyewa kafin lokaci. BMW a Amurka ta sauko daga mil 15,000 zuwa mil 10,000 ko shekara guda tun daga ƙirar 2014. Idan masu ƙirar da kansu sun sha gwada nisa su dawo baya a ƙasar da komai ke tafiya bisa tsari, ban ga dalilin da zai sa mu riƙe lambarsu mafi tsawo tamkar ba ta da gyara ba.

Kowane littafin mota yana da jadawali biyu, kuma na biyun ne ba a karantawa. Na farko na tuƙin yau da kullum ne. Na biyu na abin da suke kira yanayi mai tsanani, kuma a nan wa'adin yakan ragu zuwa rabi. Toyota ta ce mil 5,000 ko wata shida, Volkswagen ta ce a koma kilomita 15,000 ko shekara guda. Mene ne yanayi mai tsanani a wurinsu? Hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye a kai a kai, barin inji yana sulo na dogon lokaci, ɗaukar kaya masu nauyi, cunkoso a cikin zafi. Wanda ya karanta wannan zai ga an siffanta masa ranar Litinin ɗinsa ce tun daga kai yara makaranta har dawowa daga kasuwa. Abin da suka ɗauka a matsayin togaciya shi ne rayuwarmu ta kullum. Ɗaukar wa'adin Jamus a yi aiki da shi a Gusau daidai yake da shan magani da takardar da likita ya rubuta wa wani mara lafiya daban.

Babban abin da nake so mai karatu ya kama shi ne baƙin mai bai san kilomita ba. Awoyin da ya yi yana zagaya cikin zafi ne ke tsufar da shi. Ɗan kasuwar Jamus da ke kan babbar hanya kullum, matsakaicin gudunsa kilomita 80 a awa, zai cika kilomita 30,000 a cikin awa 375. Ma'aikacin da ke fama da cunkoson cikin Kano, wanda matsakaicin gudunsa bai fi kilomita 20 a awa ba, in ya yi awa 375 ɗin nan kilomita 7,500 kawai ya yi. Aikin da man ya yi ɗaya ne, lambar da ke gaban direba ce ta bambanta. Ƙara da lokacin da ake barin mota a kunne da na'urar sanyaya ɗaki ana jiran maigida ya fito daga taro ko uwargida ta gama sayayya, taya ba ta motsa ba amma inji na aiki. Kamfanin Ford, a littafin motocin 'yan sanda, yana lissafa awa guda ta sulo daidai da tafiyar kimanin kilomita 50.

Sai zafi. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce duk ƙarin maki 10 a ma'aunin zafi yana kusan ninka saurin lalacewar mai. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura maki 40, ga tsohon lagireto da ya sha ruwan rijiya ya yi tsatsa. Abin takaici, maganin da garejinmu suka saba yi wa zafi wata cutar yake haifarwa. Da mota ta sauka sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ai na ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen maki 90, ya kuma riƙe shi a nan. In aka cire shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton yanzu aka tashe shi, ragowar fetur da gumin ruwa su taru a cikin baƙin mai ba su samu zafin da zai ƙone su ba. Daga nan daskarewa ke farawa. Ana gudun zafi an faɗa wa sanyi, kuma mai motar ba zai taɓa danganta wannan da wancan ba.

Ƙura kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi shi ne wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma iskar hunturu kanmu take sauke ta wata da watanni. Ƙwayar yashi ta fi akasarin ƙarfen inji tauri. Wadda ta kuɓuce wa filtar iska ta shiga, tana goge ringi da jikin silinda, sannan ta gangara cikin mai ta ci gaba da zagayawa. Mu kuma maimakon canza filtar, sai a bubbuga ta a taya ko a hura mata iska mai ƙarfi, takardar ta yage inda ido ba ya gani, a mayar.

Batun fetur ya ɗan inganta, kuma adalci ne a faɗa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta auna man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta samu man dizal mai sulfa har ninki 378 na abin da Turai ta amince da shi. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a man dizal. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50, daga baya Holan da Beljiyam suka hana fitar da ƙazamin mai daga tashoshinsu, matatar Dangote kuma ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Duk da haka 50 ninki biyar ne na 10, kuma abin da ke rubuce a takarda ba lallai shi ne ke cikin tanki ba. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin jama'a. Wanda kuma ya taɓa shan mai a hannun 'yan bumburutu a kan hanyar ƙauye ya san ba shi da tabbacin abin da aka zuba masa.

Wani zai ce ai motarsa tana da na'urar da ke nuna sauran ƙarfin mai a gaban direba, ita za ta faɗa masa. Na'urar na da amfani, amma a san iyakarta. A akasarin motoci ba ta ɗanɗana man. Lissafi take yi da juyin inji da zafinsa da yawan tashi da kashewa, bisa zaton cewa an zuba ainihin man da kamfani ya ce kuma fetur mai tsabta ne. Ba ta ganin ƙura. Ba ta san an zuba jabu ba. Rikicin Mercedes da na ambata daga nan ya taso: lissafin na'ura daidai ne, man da ke ciki ne ba wanda aka yi lissafin da shi ba.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da bakanikenmu ba zai so ji ba. Juye duk wata biyu ba kariya ba ne idan abin da ake zubawa ba shi da kyau. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama jabun baƙin mai da rufe wuraren haɗa shi. Akwai wanda ake ɗurawa a tsofaffin galan na sanannun kamfanoni a liƙe, akwai wanda ake aunawa daga duro a kwalba a bakin titi, ba suna ba lamba, wani ma gundarin mai ne da ba a sa masa sinadaran wanke inji da kashe tsami ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man kirki waɗannan sinadarai ne, kuma su ne ke ƙarewa idan aka ce mai ya mutu. Man da tun farko ba shi da su, ko kullum ake juye shi ba zai hana inji cinyewa ba. Haka filtar mai ta araha, wadda cikinta ɗan guntun takarda ne. Mutum zai yi alfaharin cewa bai taɓa wuce wata biyu ba, amma injinsa ya buga, ya rasa dalili.

Akwai kuma aƙidar cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi, don haka kowace mota 20W-50 ake ɗura mata, daga tsohuwar Golf har Corolla ta bana. Lambar farko, mai W, tana nuna yadda mai ke gudana kafin inji ya yi zafi. Ta biyu tana nuna kaurinsa a maki 100. Injinan zamani suna amfani da matsin mai wajen sarrafa lokacin buɗewar bawul, abin da Toyota ke kira VVT-i, da ɗaure sarƙar taimin, da sanyaya turbo mai juyi sama da 100,000 a minti. Hanyoyin man sirara ne, wasu da 'yar rariya a bakinsu. Mai kauri yana jinkirin isa sama a daƙiƙoƙin farko bayan an tashi mota, kuma a daƙiƙoƙin nan inji ya fi cinyewa. Ban ce dole sai 0W-20 ba. Dokokin tsimin fetur na Amurka na cikin abin da ya tura kamfanoni ga siririn mai, kuma littattafan da ake bugawa don ƙasashe masu zafi sukan yarda da 5W-30 ko abin da ya ɗan fi shi kauri a inji iri ɗaya. Tsohon injin da ya buɗe yana iya buƙatar ƙarin kauri. Amma a zaɓa daga cikin abin da littafin ya lissafa, a kuma duba matakin ingancin da ke jikin galan. Matakin API SN ya fito a 2010, SP a 2020, kuma ƙananan injina masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna buƙatar na baya-bayan nan, don tsohon mataki na iya jawo musu fashewar fetur kafin lokaci har fistin ya tsage.

Wata illar dogon wa'adi da ba a cika magana a kanta ba ita ce yana raba mutum da buɗe bonet. Littafin Volkswagen ya ce inji na iya shan har rabin lita a kowane kilomita 1,000 kuma ba a ɗauke shi matsala ba. A lissafa: lita 15 ke nan a kilomita 30,000, alhali abin da ƙaramin inji ke ɗauka gaba ɗaya lita 4 zuwa 5 ne. Injin lita 2.4 na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle a kasuwarmu, ya yi suna wajen shan mai ta ringi har Toyota ta buɗe shirin gyara na musamman a kansa. Injina da yawa ba tsufan mai ke kashe su ba, ƙarewarsa ce. Fitilar mai ja da ke gaban direba ba ta cewa mai ya ragu, cewa take matsi ya faɗi, kuma sau da yawa kafin ta kama ɓarna ta riga ta fara.

Man giya ma ya shiga wannan sahu. Wasu kamfanoni, ciki har da BMW, sun ce nasu na har abada ne, ba a canza shi. Amma ZF, kamfanin Jamus da ke ƙera musu giyar, ya daɗe yana ba da shawarar a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko shekara 8 idan motar na shan wahala. Rayuwar mota a lissafin mai sayar da ita gajeriya ce a kan rayuwar da muke nema daga gare ta. Sannan ga sabon salo na bel ɗin taimin da ke wanka a cikin baƙin mai, kamar a injin PureTech na lita 1.2 na Peugeot da Citroën da EcoBoost na lita 1.0 na Ford. Idan fetur ya gauraye da man, ko aka zuba wanda bai dace ba, robar tana marmashewa ta toshe rariyar famfon mai. Peugeot ta rage wa'adin canza bel ɗin zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000. Waɗannan motoci yanzu suke tsufa a Turai, ma'ana nan da 'yan shekaru za su cika wuraren dillalanmu, kuma garejin da ya saba ɗura 20W-50 a kowane inji zai yi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya.

To nawa ne daidai? A ganina, motar da aka sayo ta hannu kuma take yawo cikin gari a ƙasar Hausa, da sintetik na gaskiya da filta mai kyau, kada ta wuce kilomita 7,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Da man gargajiya mai inganci, kilomita 5,000. Motar haya da ke yini a kan titi, ko wadda ke bin hanyar da ba kwalta, ta tsaya a ƙasa da haka. Wanda aikinsa doguwar tafiya ce a kan kwalta, injinsa lafiyayye, yana da inda yake sayen man da ya amince da shi, zai iya kaiwa kilomita 10,000 hankali kwance. Sama da haka ban ga ribar da ta kai kasadar ba, domin kuɗin juye biyu ko uku da za a yi tsiminsu a shekara ba su kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. A kuma lura da wani kuskure da ke yawan faruwa: motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga. In bakanike ya ce ka dawo bayan 5,000 kai kuma ka bi lambar da ke gabanka, kilomita 8,000 ka yi.

Nauyin ba na mai mota kaɗai ba ne. SON da NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar man fetur, su ne ke da alhakin abin da ke cikin galan da cikin tanki, kuma kamen lokaci-lokaci bai wadatar ba muddin ana sayar da mai marar suna a fili a bakin kowace tasha. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da rassa a garuruwanmu, ita ta fi kowa damar koya wa yaran gareji karanta lambar mai, da daina cire tamostat, da tara mataccen mai a duro maimakon zubar da shi a kwata. Dillalan da ke sayar da sabbin motoci a nan su rubuta wa masu saye jadawalin da ya dace da ƙasar, da harshen da suke ji.

Kai kuma da ka sayo mota 'yar Kwatano, kada ka yarda da maganar cewa an yi mata sabis kafin a loda ta. A makon farko ka juye baƙin mai, ka canza filtar mai da ta iska, ka sa a duba man giya, ka tabbata tamostat na nan a wurinsa. Sayi man da kanka a gidan mai ko wurin dilan da kamfani ya sani, a buɗe galan a gabanka, in an gama ka huda shi don kada a sake ɗura wani abu a ciki. Ajiye ɗan littafi a motar ka riƙa rubuta kwanan wata da lambar kilomita da sunan man da aka zuba. Sannan duk mako, da safe kafin ka tashi inji, ka ja geji ka duba.